Kafin Ka Ba da Kafin Alƙalami: Yadda Ake Auna Unguwa In Za a Sayi Gidan Iyali

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda masu cewa data ba ta barinsu su saurara har ƙarshe. Mun rubuto shi kusan yadda aka faɗe shi.

 

Yau saƙon wani ɗan'uwa ne ya kawo mu. Yana aiki a Legas, ya ce shekara bakwai yana tara kuɗi, yanzu yana so ya saya wa matarsa da yaransa uku gida a Kano su huta da haya. An nuna masa gida biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Na farko ƙarami ne, tsoho, a tsakiyar gari. Na biyu sabo fil, ɗaki huɗu da falo, har da wajen ajiye mota, amma can bayan gari. Sai ya rufe da tambayar da kowa yake yi: wai wace unguwa ce ta fi kyau a Kano?

To ɗan'uwa, ka yi haƙuri, ba zan kama sunan wata unguwa in ce maka ga ta ba. Ba tsoron 'yan wata unguwar nake ji ba, ko da yake na san in na kuskura sai an cika min akwatin saƙo. Abin shi ne, sunan unguwa ya yi faɗi da yawa a auna gida da shi. In mutum ya ce maka Hotoro, wace Hotoron? In ya ce Ɗorayi, Babba ko Ƙarama, kuma ta wane ɓangaren? Haka Sheka, haka Rijiyar Zaki, haka Na'ibawa. A unguwa ɗaya za ka samu layin da motoci biyu ke wuce juna, ka karya kwana ɗaya ka faɗa lungun da ko Adaidaita Sahu ba ta shiga. Wannan layin yana samun wuta, na bayansa wata biyu taransifomarsu na kwance. Ashe kun ga abin da mutum yake saye layi ne, da mutanen da ke cikinsa, da hanyar da ke kai shi can.

Kuma layi ba ya nuna halinsa ranar da dillali ya kai ka. Ku lura da kyau, yaushe ake kai mutum ganin gida? Da hantsi, wajen sha ɗaya, yara suna makaranta, matasan dare suna barci, ƙasa a bushe. Ta wace hanya ake bi da kai? Ta mai kyaun. Ni ban ce dillali maƙiyinka ba ne, sana'arsa yake yi, kuma akwai masu amana a cikinsu sosai. Amma la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki. Aikinsa ya nuna maka gidan a ranar da ya fi kyau. Ganinsa a ranar da ya fi muni kuma, wannan naka aikin ne, ba wanda zai yi maka.

Mu fara da ruwan sama, don shi ne ya fi cin mutane da yaudara.

Ina da aboki, ba zan faɗi unguwar ba, ya sayi gida a watan Fabrairu. Fenti sabo, tayil har tsakar gida, kowa ya je sai ya ce masha Allah. Agusta na kamawa, wani dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kira ni wajen ƙarfe biyu, muryarsa na rawa, wai ruwa ya kai gwiwa a falo, ya ɗora yara a kan gado. Da gari ya waye wani dattijo a layin yake ce masa ai nan wurin da kududdufi ne, a nan suka koyi iyo suna yara. Ba wanda ya ɓoye masa fa. Shi ne bai tambaya ba.

Wannan labarin na Kano ne gaba ɗaya. Kududdufan nan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, su ne suke shanye ruwan damina. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, sai aka dinga cike su da shara da ɓaraguzai ana yankawa ana sayarwa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Gida a kan cikakken kududdufi matsalarsa biyu: ruwan unguwa gaba ɗaya nan yake gangarowa, sannan ƙasar ba ta zauna ba, bayan 'yan shekaru sai ka ga bango yana tsagewa. Kun tuna ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022, aka yi asarar kaya mai yawa, aka yi ta magana a kan gine-ginen da aka ɗora bisa magudanan ruwa? In kasuwa irin Kwari ba ta tsira ba, ina ga lungu. Kuma kada wani ya ce ai matsalar unguwar talakawa ce. A Abuja, rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, gidaje ne masu tsada da get da masu gadi, amma ambaliya ta sha shiga, har da ta Yunin 2023.

To in za ka iya, ka ga layin a watan Agusta, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa. In kuma cinikin ya faɗo da rani, gini da kansa yana ba da shaida. Dubi dokin ƙofar maƙwabta. In ka ga kowa ya ɗaga ƙofarsa da bulo biyu ko uku, sai an hau an sauka kafin a shiga gida, ba ado suka yi ba. Dubi gindin katanga ta waje, ta gidajen da ba a yi wa fenti ba, za ka ga zanen inda ruwa ya tsaya. Dubi cikin ɗaki ta ƙasa-ƙasa, in fenti yana kumbura ko wani farin abu kamar kanwa yana fitowa, ginin yana jan danshi. In kuwa aka yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, sama tsoho, to ka tambayi dalili. Sannan ka tsaya a bakin ƙofa ka duba: titi ne ya fi tsakar gidan tudu, ko gidan ne ya fi titi? Ka bi kwatar layin da ƙafarka har ka ga inda take zubawa. Wata kwatar za ka bi ta ka tarar ta mutu a jikin katangar wani.

Sai maganar tsaro, wadda na san ita ce ta fi damun ɗan'uwan nan, tunda shi yana Legas, iyali ne za su kwana a gidan.

A nan ma suna yana ruɗi. Akwai unguwannin da aka yi wa tambari da faɗan daba, alhali a cikinsu akwai layukan da mutane suka shekara talatin ko takalmi ba a ɗauke musu ba. Akwai kuma masu suna mai daɗi, dogayen katangu, waya mai ƙaya, amma in aka shiga gidanka da tsakar rana ba wanda zai sani, don maƙwabcinka ko sunanka bai riƙe ba. Ni a wajena, tambayar farko ita ce: in matarka ta yi ihu da ƙarfe ukun dare, mutum nawa ne za su fito?

Don ka samu amsar, sai ka je da daddare. Ka je bayan Isha'i, ka sake komawa wajen sha ɗaya. Kada ka je da dillali, ka ɗauki aboki ɗaya. Ka zauna wajen mai shayi ka sayi shayi da burodi, ka buɗe ido. Shagunan layin ƙarfe nawa suke rufewa? In kowa yana ja da ƙofa tun tara, akwai abin da suke gudu. Mutane suna tafiya da waya a hannu suna dannawa, ko kowa ya cusa tasa a aljihu yana sauri? Wannan kaɗai ya ishe ka sanin labarin ƙwacen waya a wurin. Mata da yara suna fitowa sayen abu bayan Magariba? Ka tsayar da mai Adaidaita a bakin titi ka ce ya shigar da kai layin da ƙarfe goma. In ya ce shi ba ya shiga nan da dare, ko ya ninka kuɗi, ya ba ka rahoton da ba za ka samu a ofishin kowa ba.

Ka kula da majalisu. Majalisa ba laifi ba ce, kada a fahimce ni a karkace. Majalisar dattawa ko ta matasa masu sana'a da ke hira a ƙofar gida ita ce ma mai gadin layi, baƙuwar fuska ba ta wucewa ba su gani ba. Wadda ake tsoro ita ce ta bayan kango, inda ba haske, inda da safe za ka ga kwalaben maganin tari da ledojin ƙwaya a zube. Shi ya sa nake cewa ka ƙirga kangwaye da filayen da ba a gina ba kusa da gidan. Kowane kango ɗaki ne da ba ka san wa ke kwana a ciki ba.

Sannan tambaya. Yadda ake tambayar ma ilimi ne. In ka ce wa mutum, malam ya unguwar nan, lafiya dai ko? Wallahi amsa ɗaya za ka samu: lafiya lau, alhamdulillahi. Bahaushe ba ya kushe unguwarsa ga baƙo. Sai dai ka tambayi abu takamaimai. Yaushe rabon da a haura gidan wani a layin nan? Akwai 'yan sintiri, nawa ake biya a wata, kuma kowa yana biya? Lokacin zaɓen da ya wuce an yi gudu a nan? Da Sallah fa, ko lokacin tashe? Don rikicin daba yana da kaka, yakan taso lokacin siyasa da bukukuwa, har ta kai 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da tashe saboda shi. Layin da yake shiru yau yana iya zama hanyar da ake bi in unguwa biyu za su gwabza.

Wa za ka tambaya? Wanda ba shi da ko sisi a cinikin. Mai kanti, mai cajin waya, mai wanki da guga, ladan. Ɗan haya ya fi mai gida faɗin gaskiya, don shi darajar layin ba ta dame shi ba. In ka samu wanda ya tashi daga layin kwanan nan, ka riƙe shi da kyau, ka tambaye shi me ya tashe shi. Ka je ka gai da mai unguwa, wannan dole ne, zai san tarihin gidan da rigingimun da aka kawo gabansa a kai. Amma ka sani wani lokacin shi ma yana cikin shaidun ciniki, yana da ɗan abin da zai samu, saboda haka ka haɗa maganarsa da ta wasu.

Ga kuma abin da maza muke yawan mantawa. Kai da za ka fita bakwai na safe ka dawo tara na dare, kwana kawai kake yi a unguwar. Wadda za ta zauna a cikinta ita ce matarka. To ka bar ta ta je, ita da yayarta ko ƙanwarka, su shiga gida biyu uku su gaisa da matan layin. Abin da za su jiyo a minti talatin, kai ko wata ka yi kana zaman majalisa ba za ka ji shi ba. Su za a gaya wa gidan da ake sayar da ƙwaya, da lungun da ba a aiken yarinya ta cikinsa, da makarantar allon da ake kula da yara da wadda ba a yi, da maƙwabciyar da ta kori masu haya uku da fitina. 'Yan'uwa mata masu saurare, in maigida ya ce ya ga gida ya yi masa, ki ce masa cikin ladabi ke ma kina so ki gani. Haƙƙinki ne, ke za ki rayu a ciki.

Game da bayan gari kuwa, a yi hankali da gidan da yake shi ne na ƙarshe, bayansa sai gona ko daji. Mutanen Kaduna da na gefen Abuja, irin su yankin Bwari a farkon 2024, sun ga yadda masu garkuwa suke fara taɓa gidajen baki-baki. Kowane gari da irin matsalarsa, ban ce abin da ya faru can shi zai faru ko'ina ba. Amma ko ɓarawon talabijin ya fi son gidan da zai fita ta bayansa ba wanda ya gan shi.

Yanzu mu zo kan lissafi. Kuɗin gida kashi biyu ne: wanda ka biya rana ɗaya, da wanda unguwar za ta dinga karɓa a hannunka kowane wata har ka bar ta.

Ruwan sha. Kada ka ga kan famfo a tsakar gida ka ce akwai ruwa, murɗa shi. A Kano akwai matatun ruwa a Challawa da Tamburawa da Watari, amma kowa ya san unguwanni da yawa sun manta rabon da famfo ya kawo. In ka ga 'yan garuwa suna ta kai da kawowa da kura tun asuba, ka san yadda ake ciki. Tambayi kuɗin jarka, kuma ka tambayi kuɗinta a watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ja baya. Mu ɗauka, misali kawai, jarka naira 100 ce, gida mai yara uku yana shan jarka goma a rana. Dubu ɗaya ke nan kullum, dubu talatin a wata, dubu 365 a shekara. Ka ce ai zan haƙa burtsatse. Madalla, amma ƙasan Kano dutse ne a wurare da dama, wani layin a samu ruwa kusa, wani a yi ta haƙa a tashi a tutar babu. Tambayi maƙwabtan da suka haƙa, mita nawa suka yi, kuma yana kaiwa ƙarshen rani?

Akwai wani abu a nan da ba a cika faɗa ba. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da shadda. Fuloti mai ƙafa hamsin-hamsin kuwa, tsawonsa bai fi mita 15 da 'yan kai ba. Ka ga ke nan a unguwar da aka yanka ƙanana, rijiyarka ba ta da inda za ta guje wa shaddar maƙwabci, ko taka ma. In yaran layin kullum suna hanyar kemis da gudawa da taifot, ka duba nan. Haka in gidan yana kusa da masana'antun Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, inda akwai kamfanonin jima, ka je da yamma ka shaƙi iskar, ka ga launin ruwan da ke bin kwata.

Wuta. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan Band A zuwa sama da naira 200 kowane yunit, ya zama dole ka san rukunin da layin yake. A ƙa'ida Band A awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Wannan a takarda ke nan. Mai sayar da ƙanƙara da mai walda su za su gaya maka na zahiri. Ka tambaya gida nawa ne a kan taransifomar, kuma in ta lalace wa yake gyarawa, KEDCO ko karo-karo? Ka tabbatar gidan yana da mita, kuma ba a bar maka tsohon bashi a kanta ba.

Sai zirga-zirga, wadda tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ta zama babbar magana. Gidan bayan gari da ya yi maka araha, lissafa kuɗin kai yara makaranta. A ce yara uku, kowanne naira 300 zuwa, 300 dawowa. Naira 1,800 a rana, kwana ashirin dubu 36. Ba a sa Islamiyya ba, ba a sa cefane ba, ba a sa zuwa gidan su Hajiya ba. Kuma ka gwada hanyar da kanka da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, kada ka yarda da minti goman da dillali ya ce, shi ranar Lahadi ya auna. Sannan ka yi wa kanka tambayar da ba a so: in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, ana ruwa, kai kana Legas, minti nawa ne zuwa asibitin da ke karɓar haihuwa da dare? Wa zai fito da mota a layin? Motar ma za ta iya shigowa?

Wannan ya kawo mu kan takarda, don faɗin layi da takarda tare suke tafiya.

Yawancin sabbin unguwannin da ke kewaye da Kano awon igiya ne. Mai gona ya kira masu awo, a yanka, a sayar, ba tsarin hukuma. Ban ce haramun ba ne, miliyoyin mutane a irinsu suke zaune, da yawanmu a ciki muka tashi. Amma ka san abin da ka saya. Mai yankawa yana so ya fitar da fuloti da yawa, saboda haka hanya ce take shan wahala. Ba a ware filin makaranta, ba na asibiti, wani wurin ko maƙabarta babu. Ranar da gwamnati ta zo fitar da titi ko babbar kwata, gidajen da suka shiga hanya su za a shafa wa jan fenti.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake riƙewa izinin zama ne, yawanci na shekara 99 in C of O ce ta gidan zama, kuma sayar da gida mai irin wannan takarda yana buƙatar amincewar gwamna kafin ya koma sunanka. Gwamnati tana da ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada kuma ta abin da ka gina ce a kai, ba kuɗin da filin zai yi a kasuwa ba. To kafin ka biya, ka ɗauki lauya, a je KANGIS a bincika fayil ɗin: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki, akwai rigima? A leƙa KNUPDA a ji ko wurin yana kan hanyar da aka tsara. Kuɗin lauya da na bincike ba su kai kuɗin tayil ɗin falo ba, amma su mutane suka fi jin ƙyashin biya.

Ko takardar ma, a duba tarihin filin. Ba siyasa zan yi ba, kowa ya riƙe jam'iyyarsa. Amma duk mun ga rusau ɗin Yunin 2023, gine-ginen filin Idi da na tsohon otal ɗin Daula. Gwamnati ɗaya ta bayar, wadda ta biyo ta ta ce filin jama'a ne. In aka ce maka wurin nan da makaranta ce, ko maƙabarta, ko jikin badala, ko filin wasa, aka yanka, ka yi tunani sau biyu ko da takardar tana ƙyalli. Haka gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ƙa'ida ita ce a bar mita 15 kowane gefe ga layin 132kV, mita 25 ga na 330kV. In ka ga gida ya yi araha a gindin irin waɗannan turakun, dalilin arahar ke nan a saman kanka.

Gidan gado kuma, wanda shi ya fi yawa a tsakiyar gari, kada ka biya sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, kuma duk magada sun sa hannu, har matan da ke aure a wani gari. A fiƙihun Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Mutane sun shekara suna zarya a kotu a kan wannan.

Daraja fa, ta yaya za ka san wurin zai tashi? Kowa zai ce maka nan gaba kaɗan nan zai zama gari. Wani lokacin gaskiya ne. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero ya ja mutane zuwa Rijiyar Zaki da Danbare, waɗanda suka sayi fili can da wuri sun ci riba. Abin da ke ɗaga wuri shi ne abin da ke kawo mutane kullum: jami'a, kasuwa, asibiti, titi mai kwalta. Amma ka bambance wanda ka gani da idonka ana yi da wanda aka ce za a yi. Kuma kyan gini kaɗai ba ya cika unguwa. Dubi Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, an tsara su, tituna masu faɗi, amma gidaje da dama a ciki sun daɗe ba kowa. Mai sayen fili ya ajiye zai iya jiran shekara goma. Mai yara uku da za su shiga makaranta a watan Satumba ba zai iya ba.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne haya. Tambayi nawa ake ba da hayar gida irin wannan a layin, kuma in ɗan haya ya tashi, wata nawa gidan yake yi a rufe. Inda ake rububin haya tun kafin mai ciki ya kwashe kaya, wurin yana da daraja ko da ba kwalta. Inda ka ga gida uku huɗu a layi ɗaya an rubuta na sayarwa ne, rubutun har ya koɗe, ka tsaya ka ji me yake korar mutane.

To ɗan'uwa na Legas, ga abin da zan yi in ni ne kai. Ba zan biya ko ɗaya a wannan zuwan ba. In zuciyata ta fi karkata ga na bayan garin, zan kama haya a layin ko kusa da shi na shekara ɗaya, iyali su ga damina ɗaya da zafi ɗaya a wurin. Na san za ka ce kuɗin hayar asara ne, kuma kafin shekara gidan ya ƙara kuɗi ko wani ya saye. Haka ne, zai iya faruwa, kuma da yadda naira take zubewa ajiye kuɗi a banki ma yana da nasa ciwon. In ba za ka iya jira ba, to aƙalla ka ɗauki hutun sati biyu ka zo da kanka. Kada ka sayi gida ta bidiyon WhatsApp. Ka je da safe, ka je da dare, ka je ranar Juma'a, madam ta shiga gidajen maƙwabta, lauya ya je KANGIS. In dillali ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe, ka ce Allah ya sanya alheri, ka ci gaba da bincikenka.

Kuma don Allah ka rubuto mana ka gaya mana hanyar da ta kai gidan na biyu, kwalta ce ko burji, da kuma abin da ke bayan katangarsa, don ba ka faɗa ba a saƙonka.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna da maganar takardun kansu, bambancin takardar ciniki ta mai unguwa da C of O, da matakan mayar da gida sunanka. Masu tambaya a kan haka ku ajiye ta a ƙarƙashin wannan rubutun, za mu ɗauka. Sai mun haɗu, a gai da mutan gida. Wassalamu alaikum.